Fu'ad Kure, Mai Katin Direbobi, Ya Kwanta Dama

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. A ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokina kuma maƙwabcina, Malam Fu'ad Kure, a wani asibiti da ke nan Abuja, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. An yi masa sutura a wannan rana bayan sallar La'asar. Ya bar mahaifiyarsa, Inna Hajjo, da matarsa, Malama Zuhra, da 'ya'ya uku.

Ina kan hanyar zuwa wurinka labarin ya same ni, Fu'ad. Matata ta dama maka kunun gyaɗa, wanda ka ce shi kaɗai yake zauna maka a ciki, na ɗora fulas ɗin a kujerar gefe na fito daga Lugbe. Ina cikin cunkoson hanyar filin jirgi ƙanen Zuhra ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Na ce masa, "To." Ban tsaya ba, ban kuma juya ba. Na ci gaba da bin motar da ke gabana har asibitin, na nemi wuri na ajiye tawa, na kulle ta, na ɗauki fulas ɗin na shiga da shi. Yana hannuna har lokacin da ake shirin fito da kai, sai wata ma'aikaciyar jinya ta karɓe shi ta ajiye a kan benci.

Tun daga ranar nake kamar wanda aka yi wa allurar kashe zafi. Ina cin abinci, ina amsa gaisuwa, na ma koma ofis. Mutane suna cewa na yi tawakkali. Ban sani ba ko tawakkali ne. Abin dai bai iso gare ni ba tukuna. Na zauna rubuta wannan ne domin in ajiye abin da na sani game da kai tun ina iya tsara shi.

Mun haɗu a farkon zuwanmu Abuja, lokacin da Lugbe ba ta wuce 'yan unguwanni da gonakin Gbagyi ba. An ɗauke mu aiki a ma'aikata ɗaya ta tarayya, kai a sashen zana taswira, ni a sashen kula da ma'aikata, muka kama ɗaki ɗaya saboda kowanenmu baƙo ne. Ranar da na fara tambayar sunanka, ka daɗe kana kokawa da harafin farko, idanunka a rufe, haɓarka tana rawa, har na kawar da kai don kunya. Da sunan ya fito sai ka yi dariya, ka ce iyayenka ba su kyauta maka ba, duk sunayen duniya sai suka zaɓi wanda ya fara da harafin da ya fi ƙin jininka.

In'ina gare ka, mai tsanani, tun kana ƙarami. Ba ka ɓoye ta ba, ba ka kuma nemi a tausaya maka a kanta ba. Abu ɗaya ka roƙe ni a zamanmu na ɗaki ɗaya: kada in ƙarasa maka magana. Ka ce in na ƙarasa, ta zama tawa, ba taka ba. Da haka na koyi jira, ni da aka sani da gaggawa. Abin da har yau ban gane ba shi ne, in ka tsaya karatun Alƙur'ani ba ka sarƙewa ko sau ɗaya. Baƙo in ya bi ka sallar Magariba a masallacin layinmu, aka sallame ya zo gaishe ka, sai ka ga yana waige-waige yana neman limamin da ya ji muryarsa.

Waɗanda suka san ka a 'yan shekarun nan sun san ka ne da katin nan ruwan ɗorawa. Kaɗan ne suka san inda ya samo asali.

A shekarun da tashin bama-bamai ya sa aka cika titunan Abuja da shingayen bincike, Inna Hajjo ta zo daga Kazaure ganin likitan ido. Ka ɗauko ta da rana tsaka za ku koma gida. A wani shinge ɗan sanda ya ɗaga maka hannu ka tsaya, ya leƙo ya tambaye ka da Turanci daga ina kake, ina za ka. Tambaya ce mai sauƙi. Amma bakin bindigarsa yana jingine da ƙofarka, tsoro kuwa shi yake ƙara wa in'ina ƙarfi. Kalmar ta maƙale. Ka rufe ido, ka shiga buga cinyarka da hannu kamar yadda ka saba in kana son turo magana waje. Shi kuma abin da ya gani shi ne mutum mai gemu ya ƙi amsawa, fuskarsa tana murɗewa, hannunsa yana motsi a ƙasa inda idonsa bai kai ba. Ya daka tsawa, abokan aikinsa suka taho a guje. Suka fizgo ka waje, suka sa ka durƙusa a kan tsakuwa, hannuwa a ka. Ɗaya ya ce ƙwaya ka sha, ɗaya ya ce raini ne. Aka mare ka. Inna ta fito daga motar da bandeji a ido ɗaya, tana lalube, tana cewa, "In'ina gare shi, 'ya'yan nan, in'ina gare shi, haka Allah ya yi shi." Babu wanda ya saurare ta. Sai da wani direban bas ya sauko ya yi musu bayani da Turancin buroka aka bar ka ka miƙe. Suka buɗe but ɗin motar, ba su ga komai ba sai ledar magani da tabarmar salla. Suka ce ka tafi.

Ba ka ba ni wannan labarin da bakinka ba. Inna ce ta gaya wa matata. Abin da na gani da idona shi ne ka ajiye motarka a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanka, ka rufe ta da tamfol, ka koma bin tawa. Damina ta zo ta wuce tana nan a rufe. In mun tunkari shinge, tun daga nesa sai in ga ka ɗora hannuwanka biyu a kan dashbod. Na ce mu kai ƙara, ka girgiza kai. Sai bayan lokaci mai tsawo, wata rana muna dawowa daga aiki, ka ce mini ba ka ga laifin mutumin gaba ɗaya ba. Ka ce da kai ne a tsaye a wurin, a wannan zamanin, ka ga abin da ya gani, kai ma za ka tsorata. Bai san me yake kallo ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Ka ce marin ya daɗe da hucewa. Abin da bai huce ba shi ne a gaban Inna aka yi.

Wata Asabar na raka ka tashar Jabi za ka aika saƙo gida. A can muka haɗu da Meshach, direban tasi, mutumin Kagoro, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa yana saurayi. Yana da lasin, kuma 'yan tasha sun shaide shi da tuƙi a natse, idonsa kullum a madubi. Da hannu suke masa magana. Ka lura haƙoransa na gaba babu, ka ciro wayarka ka rubuta tambaya ka miƙa masa, ya rubuta amsa ya miƙo. Ashe shi ma a shinge ya rasa su. An yi masa alama da hannu, ya ɗauka cewa aka yi ya wuce, ya wuce. Aka yi masa tsawa daga baya bai ji ba, aka bi shi, da aka cim masa gindin bindiga ne ya fara isa bakinsa. Ya kwana a bayan kanta kafin matarsa ta gano inda yake. Kuka zauna a kan benci kuna miƙa wa juna waya har motar da za ta ɗauki saƙonka ta cika ta tashi. Na gaji da tsayuwa na je na ci abinci na dawo, kuna nan. A hanyar gida ka ce mini wannan ce hira ta farko a rayuwarka da ba kai ne na baya ba.

Ba a daɗe ba ka yaye tamfol daga kan motarka.

Da yake zane ne aikinka, da zane ka fara. Da farko sitika ka so a riƙa mannawa a gilashin gaba, yadda ɗan sanda zai hango tun kafin mota ta tsaya. Ka tara 'yan mutanen da kai da Meshach kuka samo a ƙofar gidanka ka nuna musu. A cikinsu akwai Madam Prudence, malamar makaranta da aka yi wa tiyatar maƙogwaro, muryarta ta koma raɗa. Ta matso kusa da kai ta ce sitikar za ta gaya wa ɗan sanda, haka ne, amma za ta gaya wa ɓarawo ma cewa mai motar nan ba ta iya ihu. Ka kalli zanen da ka kwana biyu a kansa, sannan ka naɗe shi ka ajiye. Ba ka sake ɗauko shi ba.

Abin da ya fito a ƙarshe kati ne ruwan ɗorawa, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, ana rataye shi a madubin tsakiya da fuskarsa a ciki, sai an tsayar da mutum ya juyo shi. Ka nace a rataye shi a sama, domin kada direba ya kai hannu aljihu ko ƙarƙashin kujera a gaban mai bindiga. An rubuta shi da manyan haruffa, da Turanci da Hausa da buroka: "Ina da lalurar da ke hana ni ji ko magana da sauri. Ban sha komai ba, kuma ba raini ba ne. Ka ba ni lokaci, ko mu yi a rubuce. Takarduna suna cikin aljihun katin nan." Kurame suka karɓa, da masu in'ina, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta bar musu nauyin harshe bayan likita ya yarda su koma tuƙi, da masu makyarkyatar hannu da murya. Ban taɓa sanin suna da yawa haka a garin nan ba. Wasu a ofishinmu suke, muna gaisawa kullum.

Ba ka ba kowa katin sai ya zo da shaidar likita. Wani abokin aikinmu, lafiyarsa ƙalau, ya nema don ya riƙa wuce shinge da sauri, ka hana shi, ya daina gaishe ka. Wanda ya fi yi maka wuya shi ne wani dattijo a masallacinmu, wanda hankalinsa yakan ɗauke yana riƙe da sitiyari. Ya zo neman kati, ka ce masa kati ba zai yi masa magani ba, tuƙin ne ya kamata ya bari kafin ya kashe kansa ko ya kashe wani. Ka daɗe kafin maganar ta gama fita, yana tsaye yana huci, ba ka sassauta ko kalma ɗaya ba. Ya yi fushi ƙwarai. Amma ya ajiye makulli, kuma daga lokacin kai ne kake kai shi asibiti duk ranar da yake da ganin likita, yana zaune a gefenka ba ya ce maka uffan. An fi shekara kafin ya fara yi maka hira.

Sannan ka ce kati ba shi da amfani in wanda zai karanta bai san da shi ba. Dole a je wurin 'yan sandan. Na ce ni zan riƙa yin maganar, kai ka tsaya a gefe. Ka ce a'a.

Ina nan ranar farko. Shugaban wani caji ofis ya yarda ya ba ku ɗan lokaci a faretin safe, kai da Meshach. Suna tsaye sahu-sahu a filin ofishin, ka fito gabansu da katin a hannu. "Ina kwananku" kaɗai sai da ta ɗauke ka lokacin da wani zai gama jawabi. Dariya ta fara tashi daga sahun baya. Wani ya kwaikwaye ka a hankali. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai wata mace mai muƙamin sufeto, Clara, 'yar Filato, ta juya ta dube su.

"Wanda ya sake dariya zai gan ni," in ji ta. "Babana ma haka yake tun da stroke ya kama shi, ɓarin jikinshi ya shanye. Oga, ci gaba, muna jira ka."

Ka ci gaba. Ba zan rubuta maganar yadda ta fito ba, zan rubuta abin da ka ce. Ka ce, "Ku dube ni da kyau. Wannan da kuke gani, shi za ku gani a kan hanya. Ban sha komai ba. Ba na ɓoye komai. Ƙoƙari nake in amsa muku."

Daga nan ka sa Meshach ya shiga tasinsa ya juya musu baya, ka nemi mai babbar murya a cikinsu ya ba shi umarni ya fito. Wani ƙato ya fito ya kwatsa tsawar da ta tashi tantabaru daga rufin ofishin. Meshach yana zaune yana kallon gabansa, hannuwansa a kan sitiyari. Ya sake, ya ƙara da bugun ƙafa. Meshach bai motsa ba. Sufeto Clara ta zaga ta gaban motar ta ɗaga hannu ɗaya, nan take ya buɗe ƙofa ya fito yana murmushi da wawulonsa. Ba wanda ya yi dariya. Da aka tashi, wasu suka zo suna karɓar katin suna juya shi, wani ya ɗauki hotonsa da waya.

Ita Clara ce ta riƙa buɗe muku ƙofa bayan wannan, tana kiran waɗanda suka yi horo tare, tana cewa a ba ku lokaci. Kun je ofisoshi da dama a cikin gari da wajensa, har kan hanyar Keffi. Ba ko'ina aka karɓe ku ba. Akwai inda aka bar ku a benci har rana ta take, sannan aka ce oga ya fita. Katin bai taɓa zama na hukuma ba, kuma ba ka taɓa cewa na hukuma ne ba. Ka nemi a amince da shi, aka ce ana dubawa, har ka koma ga Allah ana dubawa. An taɓa yaga wa Meshach nasa a wani shinge aka watsa masa a fuska, ya zo da guntayen a leda ya zube a gabanka, ka ba shi sabo. An kuma taɓa tsayar da shi a hanyar Lugbe, wani kofur ya karanta katin, ya duba takardu, ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa "sai an jima" ya nuna masa. Meshach ya roƙe shi ya ɗauki hoton hannun ya aiko maka. Ka nuna wa duk wanda ya shigo ofishinmu ranar.

Ni ne nake tuƙa ka gida bayan irin waɗannan fitar, don haka na san abin da suke ci maka. Rigarka takan jiƙe sharkaf. Muƙamuƙinka yakan yi tsami har ka kasa tauna abinci sai dare. Sau da yawa kafin mu hau babban titi ka yi barci, kanka a jikin gilashi. Na taɓa ce maka mu ɗauki bayanin a waya mu riƙa kunna musu, ka huta. Ka ce in sun saba jiranka, za su jira wani.

A farkon watan Mayu ka fara cewa ƙirjinka yana maka nauyi. Ka ɗauka gyambon ciki ne, ka yi ta shan maganinsa, har ranar da numfashi ya gagare ka a matakalar ofis. Ranar Talata bayan La'asar na je duba ka. An sa maka robar iska a hanci, ka rame a 'yan kwanakin nan fiye da yadda na zata. Ba mu yi wata magana mai nauyi ba. Ka ce in gaya wa Clara fitar da kuka shirya ranar Asabar ɗagawa aka yi, ba fasawa ba. Ka ce tayar motarka ta baya tana sacewa, in sa a duba. Da na miƙe zan tafi ka fara ce mini sai da safe, ta maƙale. Ma'aikaciyar jinya tana tsaye a ƙofa tana nuna mini agogo. Na tsaya. Ka rufe ido, ka bubbuga katifa da hannu, ta fito. Na ce Allah ya kai mu.

An yi ruwa da safiyar ranar da aka binne ka, jar ƙasa tana kama takalma. Na tsaya a sahu na yi maka salla, na bi gawarka, na sa hannu aka saka ka. Abin da nake tunawa ƙananan abubuwa ne. Wani ya taka mini silifa ta tsinke. Wata mota tana ta ƙarar ƙararrawa a bakin maƙabarta ba a san mai ita ba. Tasi-tasi sun yi layi a gefen hanya, kowace da katinta a juye yana fuskantar waje. Meshach da sauran Kiristocin da suka zo sun tsaya daga baya a ƙarƙashin bishiya har aka idar da salla, da aka zo kwaɓa ƙasa kuwa shi ya yi ta ɗauko ruwa a jarka, wandonsa duk laka. Bai dube ni ba, ban dube shi ba.

Washegari Sufeto Clara ta zo gida da zani da ɗankwali, ba kaki. Ta shiga wurin mata ta durƙusa gaban Inna Hajjo, ta faɗi sunanta, ta faɗi aikinta. Matata ce ta ba ni labarin. Tun ranar shingen nan Inna ba ta son ko ganin kaki a talabijin. Amma ta miƙa hannu ta lalubo na Clara ta riƙe, ta ce Allah ya yi mata albarka, ya ba mahaifinta lafiya. Suka zauna haka har aka kira Azahar.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, babbar 'yarka Mashkura ta zo ta ce mamanta tana kirana. Na tsaya a bakin ƙofa, Zuhra tana bayan labule. Ta miƙo hannu da wayarka tana ƙara.

"Malam Amir, tun ɗazu take yi. Ni ba zan iya ba."

A bayan kowane kati ka sa lambarka, domin in abu ya rikice a hanya a sami wanda za a kira. Kai da waya ta fi komai yi maka wuya a duniya, lambarka ka sa. Na karɓa na ɗauka. Ƙarar manyan motoci ce ta fara shigowa, sannan muryar wani saurayi. Ya ce shi kofur ne, yana kira daga Uke, a kan hanyar Keffi.

"Oga, na tare wani baba nan, baya magana da kyau, bakinshi ya karkace, hannu yana rawa. Ya nuna ni yellow kati. Wai sunanshi Edward."

Na san Baba Edward. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, yana zuwa gonarsa a wajen Keffi, ciwon shanyewar jiki ya bar masa nauyin harshe amma tuƙinsa lafiya lau. Na ce wa kofur ɗin ba maye ba ne, ba kuma sabon ciwo ba ne, haka maganarsa take. Na ce ya sa shi ya gangara inuwa, ya duba aljihun katin zai ga takardu, ya yi masa tambaya ɗaya ya jira. Ya ce to. Bai kashe wayar ba. Ina jin motoci suna wucewa, ina jin muryar Baba Edward daga nesa tana fitowa kalma-kalma, ba wanda ya katse shi. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakinka ina kallon takalman mata a jere.

Kofur ɗin ya dawo ya ce komai daidai. Sannan ya ce, "Amma wannan ba muryan oga ɗin ba ne. Wanda ya zo wurinmu, mai…" Ya rasa yadda zai faɗa.

Na ce, "Mai in'ina. Ya rasu ranar Laraba."

Wata tirela ta wuce da hon.

"Kai," in ji shi. "Allah ya ji ƙanshi. Bari na bar baba ya tafi."

Na miƙa wayar ta gefen labule. Zuhra ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ka riƙe ta a wurinka. Kada dai a bar cajinta ya ƙare."

Tana aljihuna yanzu, Fu'ad. Ban yi wa kowa alkawarin komai ba, kuma ban san ko ina da irin haƙurinka ba. Ban ma san inda kake ajiye sauran katunan ba. Meshach ya rubuto mini yana tambayar ranar da za a je fitar da aka ɗaga, ban ba shi amsa ba tukuna. Ina dai sa mata caji kullum kafin in kwanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hajjo, wadda ta haife ka, ta raine ka, ta kuma rayu har ta ga an fita da kai. Allah ya sanyaya zuciyarta, ya sa ka zame mata abin da za ta tarar. Ina yi wa Malama Zuhra ta'aziyya, wadda ta zauna da kai da mutunci, ta buɗe ƙofar gidanta ga baƙin da ba ta san yarensu ba, ta dafa musu abinci ba ta taɓa yin tsaki ba. Allah ya ba ta haƙuri, ya fitar da ita takaba lafiya. Ina yi wa Mashkura da ƙannenta, Allah ya raya su, ya tsaya musu, ya sa su gaji halinka. Ina yi wa 'yan'uwanka na Kazaure, da jama'ar masallacin layinmu, da abokan aikinmu. Ina yi wa Meshach da Madam Prudence da Sufeto Clara, da duk wanda ya rataye katin nan a motarsa, wanda na sani da wanda ban sani ba. Rashin namu ne gaba ɗaya.

Ya Allah, ga bawanka Fu'ad ya zo gare ka, kai ne mafi alherin wanda ake sauka wurinsa. Ka gafarta masa abin da ya yi da saninsa da wanda ya yi bai sani ba. Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka karɓi wahalar da ya sha domin bayinka, ka sanya ta a mizaninsa. Ka sada shi da rahamarka, ka sa Aljannar Firdausi ce gidansa. Mu kuma da muka rage, ka ba mu ikon ɗaukar abin da ka ɗora mana, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Allah ya ji ƙanka, Fu'ad. Amin.

Amir Ɗangoggo
Lugbe, Abuja